Mai Rufin Naɗewa ko Mai Rufin Ƙarfe: Yadda Ake Zaɓar Motar Gudu ta Alfarma

Kafin maganar inji ko launi, tambayi kanka abu biyu: ina motar za ta riƙa kwana, kuma sau nawa za ka buɗe rufin da gaske? Wanda ba shi da gareji mai inuwa, ko yake zaune inda rana ke ƙuna kuma ƙurar hunturu ke wata da watanni, mai rufin ƙarfe da ba ya buɗewa ta fi masa, komai kyan ɗayar a ido.

Rufin mota yana cikin abin da ke riƙe bodinta. Idan aka cire shi, dole kamfani ya ƙara ƙarfe a ƙasa da gefuna don kada motar ta riƙa murɗewa, sannan ga nauyin famfo da sandunan da ke ɗaga rufin. Shi ya sa Porsche 911 Cabriolet, mai rufin naɗewa, ta fi 'yar'uwarta Coupé, mai rufin da ba ya buɗewa, nauyi da kusan kilo 70, kuma ta fi ta tsada alhali injinsu ɗaya. A titin gari ba za ka ji bambancin ba. Sai an shiga kwana da gudu ko an hau gargada yake fitowa, musamman a tsofaffin motoci, inda sitiyari da madubin ciki ke ɗan karkarwa.

Sai wurin kaya. But ɗin BMW 4 Series Coupé yana ɗaukar lita 440, na mai rufin naɗewa kuwa 385, idan aka sauke rufin ya koma 300. Je da akwatin da kake tafiya da shi ka gwada.

Rufin naɗewa iri biyu ne, na yadi da na ƙarfe mai gaɓoɓi. Manyan kamfanoni sun fara komawa yadi saboda ya fi sauƙin nauyi kuma bai cin wuri sosai. BMW ta yi haka a 2020, Mercedes ma ta yi a sabuwar SL a 2021. Yadin yanzu rufi-rufi ne, yana tare ƙara da zafi sosai, amma rana tana koɗar da shi, kuma wuƙar ɓarawo tana ratsa shi.

Idan ta hannu za ka saya, a nan ake asarar kuɗi, don haka kada ka yi gaggawa. Kunna inji, buɗe rufin ka rufe sau uku a jere kana duba agogo. Na 911 yana gamawa cikin daƙiƙa 12, na BMW 18, na SL 15. Idan ya yi nawa, ko gefe ɗaya ya riga ɗaya tashi, ko ya tsaya a tsakiya, to ko dai man famfon ya yi ƙasa, ko wata silinda mai ɗaga rufin tana yoyo, ko ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin da ke sanar da kwamfutar motar inda rufin yake ta mutu. Daga nan a zuba ruwa da tiyo a kan rufin na minti biyar, ka sa hannu ƙarƙashin kafet da kujeru. Danshi ko warin ruma yana nufin robobin gefen gilashi sun bushe, ko ƙura da ganye sun toshe magudanan ruwan da ke bayan kujeru. A tsofaffin Porsche Boxster wannan ruwan yakan gangara ƙarƙashin kujerar hagu, inda akwatin lantarkin makulli yake, ya ƙona shi.

Bayan ka saya, kada ka naɗe yadin yana jiƙe, kada a wanke shi da injin feshi mai ƙarfi, a goge shi da buroshi mai laushi. Shafa wa robobin man silikon sau biyu a shekara, a share magudanan kafin damina. Kuma tun kafin ka biya, tabbatar akwai bakaniken da ya taɓa gyara irin wannan rufin a garinku kuma yana da kwamfutar da ke karanta matsalarsa.