Kafin ka ɗauki bidiyo a titi, kunna wannan a wayarka

Jama'a, in za ku ɗauki hoto ko bidiyo a waje, ku shiga Google Photos, manhajar adana hotuna ta Google, ku kunna ajiyar intanet (backup) tun a gida, kuma ku ba shi izinin aiki da data ba sai Wi-Fi ba. Kana gama ɗauka yana hawa can. Ko an tsare ka an ce sai ka goge, goge kawai ka wuce abinka ba sai an yi ta cacar baki ba.

Ni a wajen Kasuwar Bacci a Kaduna abin ya same ni, wani ya matsa sai na goge, na goge a gabansa, da na koma gida ga bidiyona a kwandon sharar Google Photos, na dawo da shi.

Ɗaukar hoto a titi ko bakin kasuwa ba laifi ba ne, sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka 'yancin karɓa da yaɗa bayanai. Amma fa Kaduna garin sojoji ne. Kar ka kuskura ka ɗaga waya a ƙofar NDA, wato makarantar horar da hafsoshin soja, ko sansanin sojan sama na Mando ko barikin soja na Jaji, dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana, nan dabarar ba ta cetonka.

Cikin shago ko plaza ma mai wuri ke da iko. Matan mutane da yara kuwa, don Allah ka tambaya tukuna.

Kuma in netwok ba ƙarfi dogon bidiyo ba ya hawa da wuri, gara ka riƙa ɗauka gajeru gajeru.