Kafin ki kai yaro yaye gidan kaka

Assalamu alaikum ƴan uwa mata na Damagaram. Shawarata kan yaye ce, don nan ne yara da yawa ke komawa baya.

Mun saba a ɗauki yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, a ce ya manta nono. Yaron da bai iya cin abinci ba, an raba shi da uwa da nono lokaci guda, sai kuka da zawo da rama. Don Allah a riƙa yi sannu a hankali. Daga wata 6 ki fara ba shi kunu mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali, da gyaɗa ko garin wake ko zogale a ciki, ƙwai in an samu. Nono kuma ya ci gaba har shekara 2. Ki rage na rana tukuna, na dare ya zo ƙarshe. Ni dai ba na son yaye cikin zafin Afrilu ko tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu kuma zazzaɓin sauro ya yi yawa.

Ki roƙi ma'aikatan CSI, wato cibiyar kiwon lafiya, su koya miki awon damtse da igiyar nan mai launi uku, daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya lau. Rawaya ko ja, wato ƙasa da santimita 12,5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, ki ɗauki karnensa, wato littafinsa na lafiya, ku tafi likita a ranar.