Shawara Ga Masu Shirya Takardar Tambayoyin Bincike

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai na Makka da Madina, musamman masu rubuta kundi a ilimin halayyar ɗan Adam. Kafin ku raba takardar tambayoyinku, ku bambance abin da malamanmu ke kira "sabat" da "sidƙu". Sabat shi ne ma'auni ya riƙa bayar da sakamako mai kama da juna, kuma ana gane shi idan aka maimaita gwajin ga mutanen da aka fara yi wa bayan mako biyu, ko aka lissafa alfa ta Cronbach (adadin da ke nuna yadda tambayoyin ma'auni suka dace da juna) a manhajar lissafi ta SPSS, inda galibi ake karɓar 0.70 zuwa sama.

Sidƙu, wato ma'auni ya auna ainihin abin da ake nufin ya auna, ya fi wahala, domin sikelin mai dabino da kullum yake ƙara rabin kilo yana da sabat, amma ƙarya yake yi. Ni kaina na taɓa fassara ma'aunin damuwa daga Larabci zuwa Hausa, sai na tarar dattawan da na tambaya sun ɗauka rashin kuɗi nake nufi. Saboda haka, idan kun fassara ma'auni daga Larabci, ku sa wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da fassararku Larabci, ku kwatanta biyun, sannan ƙwararru su tace kowace tambaya.