Darasi na 7: Wankin Mota na Musamman, Koyon Hannu da Samun Masu Kawo Aiki

Wankin mota iri biyu ne. Akwai na bakin titi: a watsa ruwa, a goge, direba ya wuce. Akwai kuma na musamman, wanda ake bin mota lungu-lungu, kujeru, kafet, dashbod, tayoyi, har a goge fenti ya dawo yana sheƙi. Na biyun shi ne darasinmu.

Kada ka koyi hannu a kan motar mutane. Je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da ke Mushin a Legas, ka sayi tsohon bonet ko ƙofar mota mai arha. A kansa za ka koyi shafa folish. Ka shafa, ka goge, ka fitar da shi rana ka duba. Idan ka ga layi-layi sun zagaye kamar saƙar gizo, hannunka ne ya yi nauyi, ko tsummanka na da yashi. Gara ka ɓata ƙarfen da ka saya da ka ɓata motar Alhaji.

Bokiti biyu za ka tanada, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. Fara daga rufin mota, ka gangaro ƙasa. Tayoyi su zo ƙarshe, kuma da nasu tsumman daban. Sabulun wankin kaya yana cinye man da ke kare fenti, sayi na mota. Kada ka wanke mota tana da zafi a tsakiyar rana, sabulu zai bushe ya bar tabo. Injin kuwa, ƙyale shi tukuna. Ruwa ya shiga wayoyi, ka jawo wa kanka bashi.

Da hannu ya faɗa, nemi motar ɗan'uwa ko maƙwabci, ka yi mata aiki a kan kuɗin sabulu kawai. Ɗauki hotonta kafin aiki da bayan aiki, da izinin mai ita, ka rufe lambar, ka sa a WhatsApp.

Su wa za su fara kawo maka aiki? Waɗanda suka san ka. 'Yan'uwanmu masu gadi suna nan a gidajen Lekki, Ikoyi da Ikeja, kuma su ne suka san ranar da maigida ba ya fita. Ka gaida su da kyau, ka ce: "Malam, idan oga na neman mai goge mota, ga lambata." Idan aiki ya zo ta hannunsa, kada ka manta da goronsa. Direbobin Uber da Bolt ma suna son cikin mota ya yi ƙamshi, domin fasinja na ba su maki. Dillalan motocin tokumbo a Berger kuwa ba sa nuna mota da datti, sai dai sun iya ciniki, ka sani.

Damina kasuwarka ce. Ruwan Yuni da Yuli na shiga motoci, kafet ya jiƙe ya fara wari. Wanda ya iya cire kafet, ya wanke, ya busar da shi sarai, ba zai rasa aiki ba.

Kafin ka taɓa kowace mota, zagaya ta tare da mai ita, ka nuna masa duk inda ta kwarzane. Ku yanke kuɗi a nan take. Canjin da ka tsinta ƙarƙashin kujera, sa shi a leda ka miƙa masa.

Aikin gida: rubuta sunayen mutum 5 masu mota da ka sani, da unguwar kowanne.