Darasi na 9: Inda ake kai ƙorafi in ƙara ta hana ku barci

To jama'a, yau maganar maƙwabcin da janaretonsa ko injin markaɗensa ko lasifikarsa ke hana mutane runtsawa za mu yi. Ku fara samun sa tukuna, ku yi sallama ku gaya masa cikin mutunci, don wani wallahi bai ma san ƙarar tana shiga har uwar ɗakinku ba. In ya ƙi ji, sai mai unguwa.

Amma kafin ku taka ƙofar mai unguwa, ku ɗauko littafinku ku rubuta rana da lokaci. Rana ita ce sunan ranar da kwanan wata. Lokaci shi ne ƙarfe nawa aka kunna, ƙarfe nawa aka kashe. Ga yadda ake yi:

Talata 4 ga wata, an kunna 11 na dare, an kashe 3 na dare.

Gobe ku sake wani layin a ƙasansa, jibi ma haka, har sati ya cika. In lambobin na ba ku wahala ba komai, ku duba agogon wayarku ku kwafa yadda kuka gani, a hankali hannu zai saba.

Rana da lokaci fa na ce. Satin da ya wuce na ba ku gwaji, yawancinku kuka rubuto min "kullum da daddare". Haba Baba, haba Hajiya, sau nawa zan faɗa? In mai unguwa ya tambaya yaushe, kuka ce kullum, mai injin ya rantse ya ce sharri ne, da me za ku kare kanku? A goge a sake. Rana, sannan lokaci.

In abin ya fi ƙarfin mai unguwa da dagaci, ku rubuta takarda zuwa sashen duba-gari na ƙaramar hukuma, ku sa sunanku da unguwarku, ku kwafe layukan nan na rana da lokaci a ciki. Ku yi fotokofi, a buga muku hatimi a kan taku ku dawo da ita gida.

Akwai kuma hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar hana yawan ƙara tun 2009. In masana'anta ce ke damun ku, can za ku nufa.

In an kai ga barazana ko faɗa, ofishin 'yan sanda.

Aikin gida: layi uku, da rana da lokaci.