Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a nazarin saƙar alaƙa

Kimiyyar saƙar alaƙa ta fara shiga bakin ɗaliban lissafi da kwamfuta da nazarin zamantakewa a nan Katsina da Dutsin-Ma. Dabararta ba wuya: duk abin da ya cakuɗe, kasuwa ce, ko yaɗuwar cuta, ko jita-jita, sai ka mayar da kowane mutum ko wuri ɗigo, ka ja zare tsakanin duk biyun da wata hulɗa ta haɗa, sannan ka karanci fasalin abin da ya fito. Da ita masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna a 1736 cewa ba yadda za a yi mutum ya bi gadoji bakwai na birnin Konisbag sau ɗaya-ɗaya ba tare da ya maimaita wata ba. Sauƙin nan shi ke ruɗar mutane. Manhaja irin Gephi za ta fitar maka da zane mai launi cikin 'yan mintuna, kuma ba ruwanta da ko bayananka na kirki ne ko tarkace.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada tun kafin a buɗe kwamfuta ake yin sa: rashin tsayar da abin da zaren yake nufi. Ɗalibi zai ɗauki takarda ya shiga kasuwar hatsi ta Jibiya ko ta Mai'aduwa yana tambayar 'yan kasuwa, "Alhaji, su wa ka sani a nan?" To wa Alhaji bai sani ba? Kowa zai lissafa kowa, zanen ya fito dunƙule, ba abin da za a tsinta a ciki. A kasuwa guda akwai saƙa iri-iri, ɗaya kan ɗaya. Akwai ta bashi, wato wa ke ba wa kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Akwai ta labarin farashi, wa ke buga wa wa waya da asuba ya ji nawa buhun gero ya kwana a Dawanau. Akwai ta haɗa lodi a mota ɗaya, akwai ta surukuta. Wanda ke tsakiyar ɗaya yana iya zama a gefen wata. Gyaran shi ne tambaya guda mai iyaka da lokaci: "Daga ƙaramar salla zuwa yau, wa ya ba ka kaya bashi?" Ka kuma tuna cewa zaren bashi yana da kai da gindi, mai bayarwa daban, mai karɓa daban, kuma bashin buhu biyu ba daidai yake da na tirela ba. Idan ka shigar da su duka a matsayin zare iri ɗaya, ka zubar da rabin abin da ka sha rana ka tattaro.

Ƙanin wannan kuskure shi ne yanke saƙar a inda taswirar gwamnati ta yanke. Ɗan kasuwar Jibiya da rabin hulɗarsa ke Maraɗi, ko na Kwangwalam da ke ciniki da mutanen Damagaram, zai fito a zanenka kamar marar jama'a idan ka tsaya a kan iyaka, alhali shi ne mahaɗar. Lokaci ma iyaka ne. Saƙar da aka zana kafin rufe kan iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ba ita ce ta bayansa ba, don haka rubuta watan da ka tattara bayananka a gindin kowane zane.

Sai ɗaukar mai yawan zare a matsayin mai muhimmanci. Manhaja takan kumbura ɗigon da ya fi kowa abokan hulɗa, ɗalibi kuma ya rubuta cewa ga jigon kasuwa. Duk wanda ya taɓa sayen dabba a kara ya san ba haka abin yake ba. Dillali yana iya zama da mutane ƙalilan, amma ta hannunsa kaɗai mai kiwo daga ƙauye yake isa ga mai saye daga kudu. Akwai ma'auni na musamman don wannan, wanda Linton Freeman ya tsara a 1977: yana ƙidaya sau nawa gajeriyar hanya tsakanin mutum biyu take ratsawa ta kan wani. John Padgett da Christopher Ansell sun nuna a 1993 cewa ƙarfin gidan Medici a birnin Fulorans na Italiya, a ƙarni na 15, ya samo asali ne daga zamansu mahaɗa tsakanin gidajen da ba sa hulɗa da juna. Mark Granovetter kuwa a 1973 ya nuna cewa labarin aikin yi ya fi zuwa ta bakin wanda ake gaisawa da shi jefi-jefi, domin aminanka abin da ka ji shi suka ji. Saboda haka fara da tambayarka, sannan ka zaɓi ma'auni.

Maganar "matakai shida ne tsakanin kowa da kowa" ma ana yawan jefa ta a gabatarwa kamar aya. A gwajin wasiƙu da Jeffrey Travers da Stanley Milgram suka wallafa a 1969 a Amurka, inda kowa ke miƙa wasiƙa ga wani da ya sani har ta kai ga mutum guda da aka nufa, wasiƙu 296 aka tura, 64 kacal suka isa. Gaskiya ne hanyoyin gajeru ne, Facebook ma ya auna masu amfani da shi a 2016 ya samu matsakaicin mutum 3.57 a tsakanin kowane mutum biyu. Amma gajeriyar hanya labari take ɗauka, ba sauyin hali ba. Jita-jita baki ɗaya ya ishe ta. Manomi a Ɓatagarawa kuwa ba zai sauya irin da ya gada ba don wani baƙo ya faɗa masa sau ɗaya. Sai ya ga maƙwabta biyu ko uku sun shuka sun girbe. Gwajin Damon Centola na 2010 ya nuna haka: sabon hali ya fi saurin bazuwa a saƙar da abokai suka san juna.

Ga wanda ya fi wuyar kaucewa. Ka tarar samarin majalisa ɗaya duk sun shiga sana'ar POS, sai ka rubuta cewa sana'ar ta yaɗu daga aboki zuwa aboki. Wataƙila. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma ai an kuma ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, wato tun farko halinsu ne ya zo ɗaya har suka zauna tare. Ko kuma banki ne ya yi wa unguwar nisa, kowa ya ga dama da kansa. Manyan masana ma sun sha muhawara a kan wannan. Nicholas Christakis da James Fowler sun wallafa a 2007 cewa ƙiba tana bin zaren abota, bayan nazarin mutum sama da 12,000. A 2011 Cosma Shalizi da Andrew Thomas suka nuna da lissafi cewa kallon saƙa kaɗai ba ya iya raba tasirin aboki da kamanceceniyar da ta haɗa su tun asali. Idan ba gwaji ka shirya ba, rubuta "sun yi kama da juna", kada ka rubuta "wane ya sa wane".

Haka nan kada ka yi saurin cewa saƙarka irin wadda Barabási da Albert suka bayyana ce a 1999, mai 'yan manyan cibiyoyi da ɗimbin ƙanana. Broido da Clauset sun duba saƙa kusan 1,000 a 2019, kashi 4 cikin 100 ne kawai suka nuna wannan siffa ƙarara. Da mutum sittin ba ka da hujjar faɗin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba sa fitowa a zanen sam. Bayanan WhatsApp da Facebook suna da sauƙin samu, sai a ɗauke su a matsayin hoton al'umma. Ina uwar adashi? Ina dillaliya da ke shiga gida-gida da atamfa da labari, wadda ta fi kowane shafi sanin abin da ke faruwa a Ƙofar Ƙaura? Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a watan Satumban 2021, saƙo bai daina tafiya ba, ya koma bakin direbobi da matafiya. Wannan saƙar tana nan tun da can, waya ce ta ɓoye ta. Idan bincikenka ya shafi gidaje, nemi mace ta yi tambayoyin cikin gida, ka kuma faɗa ƙarara su wa ba ka kai gare su ba.

Batun sirri kuma ba na wasa ba ne a jihar da ke fama da matsalar tsaro. Zanen da ke nuna wa ke bin wa bashi, ko wa ke da kuɗin lodin tirela, yana iya jefa mutum cikin haɗari. Goge suna bai wadatar ba, domin a ƙaramar kasuwa kowa zai gane ɗigon da zare talatin suka fito daga jikinsa. Ajiye takardar sunaye daban da ta lambobin da ka sa a madadin sunayen, kada ka ɗora ta a waya, kuma a cikin kundin da za ka miƙa ka nuna alƙaluman rukuni-rukuni, kamar dillalai da masu shago da masu lodi, maimakon zanen mutum ɗaiɗai.