Sankarar Mama da Rashin Hali: Yadda Za a Rage Jinkiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama, kusan 670,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar suna raye bayan shekara biyar, a Indiya kashi 66 ne, a Afirka ta Kudu kuwa kashi 40. Mafi yawan wannan rata daga jinkiri take fitowa, domin mace mai ƙaramin ƙarfi takan makara wajen zuwa asibiti, kuma takan bar magani a tsakiya idan kuɗi ya ƙare.

Da zarar kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kin ga kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, ki je asibiti cikin makon nan ko da babu ciwo, domin sankarar farko sau da yawa ba ta zafi. Mafi yawan ƙullutu ba sankara ba ne, amma gwaji ne kawai zai tabbatar. Shirin yaƙi da sankarar mama da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa kwana 60 a matsayin iyakar lokacin kammala bincike, don haka ki rubuta ranar da kika fara zuwa, ki riƙa bibiya har a ɗebi ɗan nama a gwada.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne lissafi tun kafin a fara. Ki nemi likita ya faɗa miki dukan tsarin: tiyata, zagaye nawa ne na allurar kashe ƙwayoyin cutar, ko za a yi gashi (ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura), da ƙwayoyi irin su tamoxifen da ake sha shekara biyar ko fiye. Ki haɗa da kuɗin mota, masauki da ranakun aikin da za a rasa, domin su ne ke karya iyali a ɓoye. Ki tambayi sashen jin daɗin majinyata game da inshora da tallafi tun ranar farko, ba tare da jin nauyi ba.

Ki zaɓi mutum ɗaya cikin dangi da zai riƙe takardu da ranakun ganin likita. Idan kuɗin wani zagaye ya gagara, ki sanar da likita kafin ranar, domin ya duba ko akwai wani magani mai rahusa da zai maye gurbinsa.